Ɗinkin da Ba Ya Huda Yadi

Bayan tawul ɗin ne ya fara kama ni. Mu da muka tashi cikin masu ɗinkin hula da masu surfani mun saba, in ana son sanin hannun mai aiki sai a juya ɗinkin a duba cikinsa, domin a can ƙulli da tsallake da guntayen zare suke ɓuya. Haka na yi ba tare da wani tunani ba, ranar da na wanke hannu a ɗakin girkin dattijuwar da nake haya a gidanta a Miniyapolis, cikin jihar Minesota ta Amurka, na jawo ɗan tawul ɗin da ke rataye a jikin murhu. A gabansa akwai sahu bakwai na zare masu hawa da sauka kamar igiyar ruwa, sun faro daga shuɗi mai duhu suna washewa har suka kusa zama fari. Na juya bayansa. Fari fat. Babu ƙulli, babu ɗigon launi ko ɗaya, kamar allura ba ta taɓa kusantarsa ba. Na sake juyo gaban, adon yana nan daram. Na kankara da farce ko fenti ne, sai na ji zare ne sosai, mai kauri da sheƙi.

Dattijuwar ta ga abin da nake yi, ta bar tukunyarta ta zo. Ta ce mahaifiyarta ce ta yi shi tun ita tana yarinya. Sannan ta karɓi tawul ɗin ta kai shi bakin taga inda haske yake, ta karkata shi, ta ce in dubi yadin kansa, in manta da adon tukuna. A nan na ga abin da ban lura da shi ba da farko: fuskar yadin cike take da ƙananan zare bibbiyu da suka ɗan taso sama, a jere reras, kowane biyu da 'yar kafa a ƙarƙashinsu. Ta ƙarƙashin waɗannan kaɗai allura take bi. Ba ta huda yadin ko sau ɗaya. Zaren ado yana kwance ne a saman yadi, waɗannan 'yan zare suna riƙe da shi, shi ya sa bayan ya zauna fes. Gani ya kori ji. Tun daga ranar na ƙudura sai na koya.

A Amurka sunansa biyu. Wasu su ce ɗinkin hak, daga sunan yadin, wato hakabak, kalmar da take cikin Ingilishi tun ƙarshen ƙarni na 17. Wasu kuma su ce saƙar Suwidin, kuma a Minesota wannan sunan ya fi daɗi a bakin mutane, don babu jihar da ta kai ta yawan jikokin 'yan Suwidin. Mutum kimanin miliyan 1.3 ne suka baro ƙasar Suwidin zuwa Amurka daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa shekarun 1920, kuma kaso mai tsoka ya yada zango a wannan yanki mai sanyi irin na gida. Amma aikin ya zaga duniya da sunaye iri-iri. A Burazil ana ce masa bagoniti, kuma mata suna yinsa sosai a tawul ɗin ɗakin girki. A ƙasashen da ake jin Sifaniyanci sukan kira shi ɗinkin Yugoslabiya. Mutanen Japan sun tsaya a kan ɗinkin Suwidin. Kalmar saƙa da ke cikin sunan kuwa ta dace da abin da ido ke gani, domin in gwana ta gama, sai ka rantse a kan masaƙa aka saka adon tare da yadin.

Duk wanda zai koyi wannan aiki sai ya fara fahimtar yadin, don yadin ne malaminsa na farko. A saƙa ta yau da kullum, zaren kwance yana bi ta saman zaren tsaye ɗaya, ya bi ta ƙarƙashin na gaba, haka har ƙarshe, babu zaren da ya taso ya fi ɗan'uwansa. A saƙar hak an karya wannan ƙa'ida da gangan. Masaƙan hannu sukan ƙidaya zarenta biyar-biyar: na ɗaya da na uku da na biyar su shiga saƙa yadda aka saba, na biyu da na huɗu kuwa su tsallake zare da dama kafin su sake nutsewa. Waɗannan biyun da suka tsallake su ne ke tasowa a fuskar yadi, kuma dalilin da ya sa suke zuwa bibbiyu ke nan. Turawa suna kiransu da kalmar da ke nufin abin da ke yawo a saman ruwa. Ni gada nake ce musu, don abin da suka fi kama da shi ke nan, 'yar gada ce da allura ke wucewa ta ƙarƙashinta. A fuska ɗaya ta yadin gadojin a tsaye suke, suna bin tsawonsa, a ɗaya fuskar kuma a kwance. Fuskar da suke tsaye bibbiyu ita aka fi yi wa ado, tunda allura daga gefe zuwa gefe take tafiya. Kuma ba a saman juna suke jere ba. Gadar layin sama tana faɗawa ne tsakanin gadoji biyu na layin ƙasa, kamar yadda magini ke jera bulo. Wannan jerin bulo shi ke sa zare ya hau a karkace cikin sauƙi, shi ya sa galibin zanen hak tudu ne da gangare da igiyar ruwa.

Abin sha'awa, masaƙin da ya ƙirƙiro wannan saƙa ba ado ne a ransa ba. Ruwa yake son yadin ya sha. Zaren da ya taso ya fi shan ruwa, yadin kuma yana bushewa da wuri. Kafin tawul mai gashi-gashi da muka sani yau ya mamaye gidaje, hakabak na lilin ko na auduga shi ne abin goge hannu da fuska a gidajen Turai. Mai gashin ya shigo kasuwar Ingila ne a tsakiyar ƙarni na 19, bayan Henry Christy ya ga irinsa a Istanbul, kamfanin gidansu ya fara saƙa shi da inji, aka baje shi a babban baje kolin Landan na 1851. Duk da haka hak bai mutu ba. Har gobe shuɗin tawul ɗin da ake amfani da shi a ɗakin tiyata a asibitocin Amurka hak ne, saboda ba ya zubar da burbuɗin auduga, kuma masu goge gilashin tagogi suna son sa don wannan dalilin. Mata ne suka dubi gadojin da aka yi domin shan ruwa suka ga hanyar allura a cikinsu, kuma ni a ganina wannan hangen shi ne gwaninta ta farko a cikin sana'ar.

Lokacin da aikin ya fi tashe a Amurka shi ne shekarun 1930 da 1940, wato zamanin karayar tattalin arzikin da ta biyo bayan faɗuwar kasuwar hannun jari a 1929, sannan yaƙin duniya na biyu. Ba wuya a gane dalili. Yadin hak ana yanka wa mutum shi a kanti da awon yadi, siriri ne, faɗinsa inci 15 ko 16 ko kusa da haka, daidai faɗin tawul. Zare 'yan ƙulli kaɗan ya isa. Kamfanonin zare suna buga ƙananan littattafan zane masu araha. Macen da ba ta da kuɗin sayen kayan alatu tana iya mayar da farin ƙyalle ya zama tawul ɗin baƙi, ko kyautar amarya, ko adon bakin rigar girki. Tawul ɗin da na taɓa a ɗakin girkin nan daga wancan zamanin ya fito, an wanke shi sau ba adadi, adon bai motsa ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da hujjarsa. Allurar dole ta kasance marar tsini, mai dakusasshen baki da faffaɗar kafa. Allura mai tsini abokiyar gaba ce a nan, don tana son huda, ko ta tsaga gada biyu ta ɗauki zare ɗaya ta bar ɗaya. Marar tsinin kuwa zamewa take yi ta shige ƙarƙashin gadar da kanta, har yatsa yakan ji lokacin da ta shiga daidai. Lambar irin wannan allura tana tafiya ne a juye: mai lamba 24 siririya ce, ta yadi mai ƙananan gadoji, mai lamba 13 kuwa ta kusa basilla, ta zaren ulu ce. Zaren da ya fi dacewa da tawul shi ne murɗaɗɗen zaren auduga mai sheƙi wanda ba a rarraba shi, mai lamba 5 ko 8, shi ma babbar lamba tana nufin siriri. Sheƙinsa ya samo asali ne daga dabarar jiƙa auduga cikin sodar nan da masu haɗa sabulu suka sani, wadda wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya gano a 1844, kuma wajen 1890 Horace Lowe ya gane cewa in an ja zaren ya miƙe yayin jiƙawar sai ya yi ƙyalli kamar siliki. Ana iya amfani da zaren surfani mai sili shida, sai dai silinsa yakan rarrabu in an daɗe ana jansa. Ban da waɗannan sai ɗan almakashi da fil irin wanda ake kullewa. Babu zoben ɗaure yadi, don in an ɗame yadin gadojin kan kwanta, allura ta rasa kafar shiga. Babu kuma zana wa yadi hoto da biro kamar yadda ake yi wa hula kafin a ba mai ɗinki. Zanen yana kan takarda, inda 'yan layuka tsaye ke wakiltar gadoji, dogon layi mai lanƙwasa kuma ya nuna hanyar zare.

Kafin a sa allura sai an wanke yadin an busar an goge, bayan an bi bakinsa da keke don kada ya warware a cikin ruwa. Auduga tana tsukewa a wankin farko. In aka yi ado a kan ɗanyen yadi, ranar da aka wanke shi yadin zai tsuke ya bar zaren, adon ya saki ya yi kunne-kunne. Jan zare da shuɗi mai duhu kuma a jiƙa guntunsu a ɗora a farin ƙyalle a ga ko suna zuba.

Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki a darasin farko: daga tsakiya ake farawa. Dattijuwar ta ninke yadin biyu, ta nemo gadar da ta faɗa daidai kan ninkin, ta soka mata fil. Ta yanko zare mai tsawo wanda zai isa sahun duka daga wannan baki zuwa wancan, ta zura shi ƙarƙashin gadar tsakiya, ta ja har ya rabu biyu daidai, rabi a dama rabi a hagu. Ta naɗe rabin daman ta ajiye, ta yi aiki da ɗayan daga tsakiya zuwa bakin hagu. Da ta kai, sai ta juya yadin sama ya koma ƙasa, ta sa allura a rabin da ta ajiye, ta sake tafiya zuwa ɗaya bakin. Bahago yakan yi akasin haka, ba abin da ya canza. Hikimar tana da fuska biyu. Ta farko, zanen zai ƙare iri ɗaya a dama da hagu, ba za a ga cikakken tudu a wannan gefe da rabin tudu a wancan ba. Ta biyu, zare yana gajiya. Duk gadar da ya bi tana ɗan goge shi, in aka ja dukan tsawonsa ta ƙarƙashin gadoji ɗari, kafin a kai ƙarshe ya dusashe ya tashi gashi. Farawa daga tsakiya ta rage masa rabin wahalar.

Kuma zare ɗaya tak ake so ga kowane sahu, ba a yin haɗi a hanya, domin babu bayan da za a ɓoye ƙulli. Don haka awon zare ilimi ne mai zaman kansa. Sahun da ya miƙe sambal yana cin faɗin yadi da ɗan ƙari, mai hawa da sauka ya ci ninki biyu, mai dogayen madauki ya ci uku ko fiye. Takardun zane sukan rubuta ninkin a gefen kowane sahu. In babu, sai a bi zagaye ɗaya na zanen da guntun zare, a zare shi a auna, a ninka da yawan zagayen da faɗin zai ɗauka, a ƙara ɗan taki. Gara ya yi saura da a zo gada uku kafin baki zare ya ƙare.

Sahun farko shi ne aikin. Shi kaɗai ake ƙidaya gada-gada, ido a takarda ido a yadi. A ce zanen tudu ne: a ɗauki gada huɗu a miƙe, a hau layi ɗaya a ɗauki guda, a sake hawa a ɗauki guda, a sake hawa na uku, sannan a sauko ta matakan nan uku, a koma ga huɗun da ke miƙe. Haka za a yi ta maimaitawa har baki. In wannan sahu ya fita daidai, na biyu ba ya bukatar takarda, sai dai ya bi na farko a samansa kamar ɗa a bayan uwarsa, na uku ya bi na biyu. In kuwa ya karkace, duk na bayansa sun gaji karkacewar. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A tawul ɗina na farko na ɗauki gada biyar a wani wuri maimakon huɗu, ban gani ba sai a sahu na huɗu, lokacin da tudun hagu ya ƙi daidaita da na dama. Na so in yi dabara in ɓoye. Dattijuwar ta ɗora yatsa a kan wurin ta ce in warware, kuma in gode wa wannan ɗinki, don shi ne ya fi kowane ɗinki yafiya. Gaskiyarta. Tunda ba a huda ba, ba a ƙulla ba, sai kawai a cire allura a ja zaren baya gada-gada, ya fito sumul, yadin ko tabo babu. Na warware sahu huɗun cikin 'yan mintoci na sake. Tun daga nan nakan tsaya bayan sahun farko in ninke yadin biyu in ga ko tuddan dama sun hau kan na hagu.

Motsin allurar kansa bai fi 'yan kaɗan ba. Akwai miƙaƙƙe, inda ake bin gadojin layi ɗaya a jere, har allura ta ɗauki uku ko huɗu a lokaci guda kafin a ja. Akwai mataki, wanda na kwatanta a sama. Sannan akwai madauki iri biyu, kuma bambancinsu ɗan ƙanƙane ne amma shi ke sauya fuskar aikin. Ana cikin tafiya daga dama zuwa hagu, sai a tsallake layi biyu ko uku zuwa sama, a shiga gadar can daga dama zuwa hagu kamar kullum, a sauko kan gadar da ke gaba a layin da aka baro. Abin da zai fito buɗaɗɗen tsini ne kamar kan mashi. In kuwa aka shiga gadar saman ta baibai, daga hagu zuwa dama, zaren da ya hau da wanda ya sauko za su gitta juna, a sami rufaffen madauki kamar ɗigon hawaye. A yi ɗaya sama a yi ɗaya ƙasa a wuri guda, sai ga siffar lamba 8. Daga waɗannan ake gina komai: furanni, bishiyoyi, zuciya, taurari, da manyan zane masu kusurwa huɗu da ake samu in an gama jerin tuddai sannan aka maimaita su a kife a samansu. Mutum zai iya koyon motsin duka a yini guda.

Abin da ba a koya a yini guda shi ne nauyin hannu. In an ja zare da ƙarfi, gadojin kan karkata su bi shi, yadin ya tattare, tawul ya tsuke a wurin ado ya buɗe a sauran jikinsa, kuma dutsen guga ba ya gyara wannan. In an sake da yawa, zaren ya yi lilo, ranar farko da aka goge hannu farce ko zobe ya kama shi. Abin da ake nema shi ne zare ya kwanta a yadi ya huta, musamman a kan tsinin tudu da bakin madauki, inda hannun sabon shiga yake son fizga. Na lura dattijuwar takan danne kan madaukin da babban yatsan hagu kafin ta ja, bayan kowane ɗan taki kuma ta shimfiɗa yadin a cinya ta shafa shi daga tsakiya zuwa baki. Wani abin da take yi shi ne sakin allurar lokaci-lokaci ta bar ta tana reto, zaren ya warware murɗewar da ya tara. Ba ta taɓa bayyana mini waɗannan da baki ba, hannunta na kalla. Lokaci zuwa lokaci kuma takan leƙa bayan yadin. Ɗigon launi ɗaya a can yana nufin allura ta huda, sai a koma a gyara.

Launi kuwa shi ne inda mai aiki ke nuna ɗanɗanonta. Zanen ƙidaya ne, kowa ya bi takarda zai samu iri ɗaya, amma sahu bakwai da aka yi da launi guda da sahu bakwai da aka jera daga duhu zuwa haske ba su yi kama ba ko kaɗan. Na biyun yana da zurfi, tuddan sukan yi kamar sun taso daga yadin. Tsofaffin tawul ɗin da na gani a gidan galibi haka aka yi su, dangin launi ɗaya daga mai duhu zuwa mai haske, shuɗi ko kore ko ruwan hoda. Ni ma wannan na fi so, kuma ina ganin shi ya fi dacewa da wannan ɗinki. Launuka masu faɗa da juna sukan cinye zanen, ido ya kasa bin zare guda daga baki zuwa baki, alhali daɗin kallon yana cikin wannan bin.

Ƙarshen zare ma ba a ƙulla shi. In an kai baki, sai a tsallake gadar ƙarshe ta sama a komo ta ƙarƙashin huɗu ko biyar da aka riga aka bi, zaren ya kwanta a gefen ɗan'uwansa, a yanke. Ko kuma a bar jelar ta shige cikin kalmasar gefe in za a kalmashe.

Daga baya aikin ya tashi daga ɗan tawul ya koma babban abu. Akwai wani yadin auduga mai kauri da sunansa na Ingilishi ke nufin yadin rahibi, saƙarsa irin ta kwando ce, zare huɗu su bi saman huɗu su nutse ƙarƙashin huɗu, inci guda ya ɗauki gida bakwai ko takwas, faɗinsa kuma yakan kai inci 60. A kansa gada zare huɗu ce, manya-manya, ko mai raunin ido yana ganinsu. Da zaren ulu da babbar allura ake yi masa ado, a fitar da bargon jariri ko ɗan bargon rufe ƙafa a kan kujera lokacin hunturu, a tsefe bakinsa ya zama geza bayan an bi shi da keke. Masu koyo da dama da shi suke farawa, kuma ya fi saurin cika ido. Sai dai yana da nasa tarko. Saƙarsa sako-sako ce, allura tana saurin faɗawa baya, kuma dole a tabbata an ɗauki silin nan huɗu cif, ba uku ba. Yana tsukewa a wanki fiye da hak, yana kuma warwarewa da zarar an yanka shi. In bargon na jariri ne a guji dogayen madauki saboda 'yan yatsu. Ulun roba kuma ba ya son zafin dutsen guga, narkewa yake yi. Duk da kyansa, zuciyata tana ga ƙaramin hak na tawul, inda gadojin suke ƙanana har sai an matso ake gane yadda aka yi.

Wannan ɗinki yana da iyaka, kuma masu yinsa sun san ta. Ba za ka zana fuskar mutum ko tsuntsu mai fiffike da shi yadda kake so ba, don allura ba ta zuwa inda babu gada. Masaƙi ya riga ya shata hanyoyin tun kafin yadin ya iso hannunka. Amma a cikin wannan ƙuncin matan suka fitar da ɗaruruwan zane, kuma suka yi abin da ke jure wanki da goge hannu shekara da shekaru, ba abin ratayewa a bango kawai ba. Ga sauƙin ɗauka: ƙyalle da allura da ƙullin zare sun shiga jakar hannu. Yarinya 'yar shekara goma za ta iya fara shi tunda allurar ba ta suka, tsohuwa mai tabarau ma za ta iya ci gaba da shi a kan yadi mai manyan gadoji. Kaɗan ne cikin ayyukan allura suka haɗa wannan sauƙin shiga da wannan kyan gamawa.

Mai karatu, in hannunki ya saba da allura ko kwarashi, ko naka ya saba da ɗinkin hula, wannan aiki ba zai yi wuya ba. In hak bai samu ba, yadin aida na ɗinkin gicciye yana yi, haka duk wani yadi mai saƙar kwando da allura za ta iya ɗaga zarensa na sama ba tare da ta huda ba. A nemi allura marar tsini da zare launi ɗaya mai kala uku daga duhu zuwa haske, a wanke ƙyallen, a ninke shi a nemo tsakiya. A ba sahun farko duk lokacin da yake so, a ƙidaya shi sau biyu. In an kai sahu na uku, a juya bayan a duba.